Ƙugiyar da Ta Faɗi a Bakin Baba

Litinin, 3 ga wata, 6:20 na safe

Jiya aka sallamo Baba daga asibiti. Ɗakin da nake aiki aka ba shi, don shi ne kusa da banɗaki, ni kuma na kwaso tebur da kwamfuta na dawo falo, gefen firji. Duk bayan minti ashirin sai firjin nan ya yi gurnani. Wayar caji ba ta kai soket ba, sai na ɗora kwamfutar a kan kujera na sunkuya. A haka zan ƙarasa Tafinta, in zai ƙarasu.

Bari in rubuta ko mene ne Tafinta, ko don in tuna wa kaina ina da wani abu a duniya ban da fo da tawul. Shekara biyu ke nan ina ƙirƙirar harshen rubuta manhaja da kalmomin Hausa: idan, maimaita, ƙara, dawo. Tafinta shi ne wanda zai karanta abin da aka rubuta da harshen, ya juya shi zuwa abin da na'ura take ganewa. Dogo, abokin aikina a ofis, kwamfaila yake ce masa, yana wani karya harshe. Ba wanda ya sa ni, ba wanda yake jira. Burina ɗaya: ranar da Tafinta zai karanta rubutun kansa, ya fitar da sabon Tafinta mai aiki. Saura ƙiris in kai wurin aka yi abin da aka yi.

Ɓarin daman Baba ya shanye, baki ya karkace. Likita ya ce hankalinsa garau, komai yana ji yana ganewa, fitar da maganar ce aiki.

Talata, 1:15 na rana, a ofis

Malamar koyon magana ta zo da safe kafin in fito. 'Yar gajeruwa, da jaka cike da hotuna. Ta ce wata ukun farko su ne komai: in ana yi masa atisaye kullum, magana za ta iya dawowa, in aka bari, abin da ya tafi ya tafi. Za ta riƙa zuwa sau uku a mako, tunda asibitinsu layi biyu ne daga gidanmu. Sauran ranakun ni zan yi.

Ta taɓa ƙafarsa ta ce mene ne wannan, ya ce kafa. Ta zagaya hannu ta nuna ɗakin, ya ce daki. Ta nuna hoton ɓera, ya ce bera. Duk harafi mai ƙugiya ya zube masa. Muryar ma ta kwanta, ba hawa ba sauka.

Na shiga kicin na buɗe famfo don kada su ji dariyata. Allah Ya yafe mini, amma har da riƙe ciki.

Mutumin nan shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a, da jan biro a aljihun gaba. Ina shekara goma sha biyu na rubuto masa wasiƙa daga makarantar kwana, ina cewa ba ni da lafiya, don Allah a zo a ɗauke ni. Wasiƙar ce ta dawo mini cikin sabon ambulan, an zagaye wuri tara da ja, a ƙasa ya rubuta: “Babu kalmar dauke a Hausa. A sake.” Ba wanda ya zo. Sarauniyar Kuskure yake kirana, har a gaban baƙi, har bayan na gama jami'a.

Laraba, 7:00 na safe

Cikin gwaje-gwajen da nake yi wa Tafinta, ɗari biyu da sha biyu sun wuce, tara sun faɗi. Baba ya jiƙa zanin gado sau biyu.

Juma'a, 5:40 na yamma

Na zauna rubuta saƙonnin da Tafinta zai riƙa fitarwa in mutum ya yi kuskure. Ban sha wahala ba ko kaɗan, hannuna ne ya yi ta tafiya. Sai da na gama na karanta na ga muryar wa na rubuta.

Na ba Dogo ya gwada lokacin cin abinci. Ya rubuta kara maimakon ƙara, Tafinta ya tsaya cak ya ce masa: “Layi na 4: babu kalmar kara a nan. A sake.” Dogo ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wannan ba kwamfaila ba ne, hedimasta ne. Daga baya ya gyara zama ya ce mutane da yawa ba su da ƙugiya a madannansu, in ban sa Tafinta ya riƙa yin zato ba, ba wanda zai yi amfani da shi sai ni da inuwata. Wai ai ni ma na san abin da mutum yake nufi. Na ce na sani sarai, amma ba aikin Tafinta ba ne karanta zuciya, abin da aka rubuta shi zai karanta. Ya ce to Allah Ya ba ni lafiya, ya ɗauke mini rabin burodina ya tafi.

Asabar, 9:30 na safe

Matar da ke zama da shi da rana ba ta zuwa Asabar, daga ni sai shi.

Ya shanye shayinsa ya miƙo kofin da hannun hagu ya ce kara. Na ce kara kuma, Baba? Me za ka yi da kara, ka ga gona a nan? Ya ce kara. Na ce wallahi ban gane ba, a sake. Butar tana hannuna, yana kallonta, ina kallonsa.

Malama ta ce a bar shi ya gwada sau biyu, in bai iya ba a ba shi abin da yake so, kada ransa ya ɓaci. Sau goma sha ɗaya na sa ya faɗa. A na ƙarshe miyau ya zubo masa a riga, ya sauke kofin a cinyarsa ya juya fuska wajen bango. A lokacin na zuba masa, shayin ya riga ya huce. Bai sha ba.

Na ji daɗi. Littafina ne, ba zan yi wa kaina ƙarya a cikinsa ba. Daɗin bai wuce minti biyar ba, amma na ji shi.

Lahadi, 4:10 na yamma

Yaya ta zo, ita da mijinta, tafiyar awa uku. Shi a mota ya zauna da gilashi a rufe. Shekara tara ke nan bai gaisa da Baba ba, tun wata rigima da suka yi, kuma ba ciwo ne zai sauko da shi ba.

Yaya ta shigo da bargo da kuka. Magana take yi wa Baba da ƙarfi kamar kurma, tana shafa masa kai. Ko kalma ɗaya ba ta ganewa daga bakinsa. Duk abin da ya ce sai ta juyo: Auta, me ya ce? Ni kuwa kafin ya gama buɗe baki na san inda zai je, don na girma ina karanta fuskarsa kafin hannunsa ya iso.

A kicin ta ce nauyin ya yi mini yawa, ga aiki, ga ni ni kaɗai, za ta shawo kan mijinta su ɗauke shi. Na san ɗakin da za a sa shi. Yana sama, a bayan gida, taga ɗaya mai kallon katangar maƙwabta. Yaya tana shago daga safe har magariba, kuma duk garinsu babu mai koyar da magana. Na faɗa mata abin da Malama ta ce game da wata ukun. Ta ce magana ta Allah ce. Na ce haka ne.

Sai ta tambaye ni, ba da wata manufa ba, da ƙarfe nawa ya faɗi ranar, ni kuma ina ina. Na ce ina ɗaki ina aiki, na sa abin kunne, ban ji komai ba sai da na fito shan ruwa. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take lokacin da nake faɗa.

Da za su tafi Baba ya kama wuyan hannuna da hagunsa. Har yanzu ga shatin yatsunsa.

Litinin, 6:05 na safe

Abin kunnen yana cikin durowa tun kafin Baba ya faɗi, wayarsa ta tsinke. Yau na sa shi a shara, can ƙasa.

Talata, 12:50 na rana

Kwamfuta tana ajiye lokacin kowane gyara da na yi wa Tafinta. Ina neman wani abu daban idona ya faɗa kan ranar da Baba ya faɗi. 4:12. 4:19. 4:26. 4:40. 4:53. Wayata ta ce na kira motar asibiti 4:58.

Matsalar da nake bi ranar ita ce harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci a ƙwaƙwalwar na'ura, ni kuma ina ƙirga masa ɗaya, shi ya sa duk kalmar da ta biyo bayan ƙ take zuwa a gutsure. Kwana shida ina nemanta. Da na kama bakin zaren ba na iya saki ko me na jiyo daga waje, duk mai wannan aikin ya sani. Gyara ne mai kyau, har yau bai sake ba ni matsala ba.

Ana iya goge tarihin nan da layi ɗaya. Na rubuta layin, na kalle shi, na tashi na tafi banɗaki.

Alhamis, 6:30 na yamma

Ya ce ɗaki.

Sau ɗaya, amma da ƙugiyarsa tsaf. Malama ta yi tafi ta rungume ni, ta ce aikina ne, wai ba kowane mara lafiya ne yake samun 'ya irina ba. Ta ce in aka ci gaba a haka, nan da wata guda zai haɗa jimla mai tsawo, ya ba da labari ma. Shi bai yi murna ba. Ni yake kallo, irin kallon da yake yi wa takarda kafin ya cire murfin biro.

Na kasa cin abinci. Gwaji huɗu sun rage.

Asabar, 11:00 na safe

Yaya ta bugo, ta ce in kara masa wayar a kunne. Na buɗe murya don in ji. Tana ta sannu Baba, ya jiki Baba, sai ya ce: “Ta ji.” Ta ce na'am? Ya ce: “Ta ji. Ta ji.” Babu ƙugiya a cikin waɗannan, sun fito fes.

Yaya ta ce Auta, wa ta ji me? Na ce Malama yake nufi, ta ji ya faɗi ɗaki shekaranjiya, yana yi miki albishir ne. Yaya ta yi ta hamdala. Na kashe wayar na gyara masa matashi, na tambaye shi ko yana son a buɗe taga.

Yau ban yi masa atisaye ba. Jiya ma.

Litinin, 7:15 na safe

Ban yi ba. Na ce wa Malama yana gajiya.

Laraba, 5:55 na yamma

Na turo shi falo a keken marasa lafiya don a goge ɗakin da ruwa, na ajiye shi bayana na ci gaba da aiki. Kwana uku ke nan ina ba Tafinta rubutun kansa, yana karantawa lafiya, amma sabon da yake fitarwa ba ya sanin inda fayil ya ƙare, sai ya yi ta karanta iska har na'ura ta tsaya. Na duba layi dubu huɗu, idona har yaji yake yi.

Sai na ji ƙarar taya. Ya ja keken da ƙafa ɗaya ya matso, ya miƙa ɗan yatsan hagu, ya dangwala a kan gilashin kwamfutar. Bai san komai a manhaja ba, ko waya mai shafawa bai taɓa yarda ya riƙe ba. Layi na dubu biyu da ɗari uku da bakwai. A ko'ina na rubuta ƙarshe, a nan na rubuta karshe. Tafinta yana tsare kalmomin umarni, amma sunayen da mutum ya raɗa da kansa ban sa masa ido a kansu ba, sai ya ɗauka wani sabon abu ne ya wuce.

Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga sama. Ya buɗe baki, “Sa… sarau…” bai iya ƙarasawa ba, kuma ba sai ya ƙarasa ba.

Na sa ƙugiyar. Na danna. Tafinta ya karanta kansa, ya fitar da sabo, sabon ya karanta kansa, ya fitar da irinsa sak. Duk gwaje-gwajen sun wuce. Shekara biyu ina jiran wannan minti, na sha ganin yadda zan yi ihu in kira Dogo. Ga shi ya zo da zanen yatsan mutumin nan a kan gilashina.

Na mayar da shi ɗaki tun ƙasa ba ta bushe ba. Na tsane shi. Na rubuta, na karanta, babu kuskure a ciki.

Alhamis, 8:00 na safe

Na bugo wa Yaya na ce ina ganin ta yi gaskiya, na gaji. Ta ce mijinta ya yarda, da sharaɗin ba zai riƙa ganinsa a falo ba. Za su zo Asabar.

Juma'a, 2:20 na rana

Malama ta ji. Ta same ni a bakin ƙofa, ta manta da ladabin aiki, ta ce in aka kai shi inda ba mai yi masa atisaye, to mu sani mun rufe bakinsa ne har ya koma ga Allah. Ta ce ɗ ta dawo, ɓ tana hanya, ƙ ce kawai ta yi taurin kai, ita ma nan da mako biyu za ta dawo. Ta roƙe ni aƙalla a tambaye shi, mutum ne, yana da ra'ayi. Na ce ai dole, wa zai ɗauki uba kamar buhu ba a tambaye shi ba?

Asabar, 3:45 na yamma

Sun tafi ƙarfe ɗaya.

Na faɗa wa Yaya abin da Malama ta ce, a tambaye shi. Yaya mutuniyar kirki ce, wannan ba zan hana ta ba. Ta ce wallahi in ya ce nan yake so, nan zai zauna, ita za ta riƙa zuwa duk mako tana kama mini. Ta durƙusa gaban keken ta riƙe hannunsa, yau kam ba ta ɗaga murya ba.

“Baba, gidan wa kake so? Za ka bi ni?”

Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Yana neman ƙ, na san yana nemanta, jijiyar wuyansa har ta tashi. Ya dubi Yaya cikin ido ya ce: “Na ki.”

Na ƙi yake cewa. Ko a mafarki aka tashe ni na san haka.

Ya sake, da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka: “Na ki. Na ki.”

Yaya ta juyo. “Auta, me ya ce?”

Shi ma ya juyo. Ban taɓa ganin Baba yana roƙon mutum ba sai yau, kuma ni yake roƙo.

Na ce: “Ai kin ji da kunnenki, Yaya. Ya ce naki. Gidanki yake so.”

Ta fashe da kuka ta kifa kai a cinyarsa. Ya yi ta jujjuya kai, amma tun da ya kwanta kansa yake rawa, ba wanda ya kula. Ya buga hannun keken, na ce murna ce. Ya kama ƙyauren ƙofa da za a fita da shi, mijin Yaya da kansa ya sauko daga mota ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, bai ce masa sannu ba. Na haɗa magunguna a leda na rubuta lokutan sha da babban rubutu. Jakar hotunan da Malama ta bar mana tana ƙarƙashin gado, na tuna da ita sarai.

Ban ƙara ko harafi ɗaya a kan abin da ya faɗa ba.

Lahadi, 10:10 na safe

Na wanke ɗakin. Warin bai fita ba.

Talata, 1:30 na rana

Na nuna wa Dogo Tafinta ya karanta kansa. Ya ce barka, ya ce yanzu sai me? Na ce ban sani ba. Ya tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi.

Juma'a, 4:30 na yamma

Yaya ta bugo daga shago, muryarta wasai. Ta ce ba ya cin abinci sosai, kuma ya daina ƙoƙarin faɗin sauran kalmomin, ko ruwa ba ya nema da baki. Amma duk safiya in ta hau ta gaishe shi, da duk yamma in ta dawo, sai ya riƙe mata hannu gam yana hawaye yana maimaita abu ɗaya.

“Naki, naki, ba abin da yake cewa sai naki. Auta, ni da nake ganin ke ya fi so. Ashe haka Baba yake ƙaunata ban sani ba?”

Na ce: “Haka ne, Yaya.”

Ta ce ko in yi masa magana gobe in ta hau sama, ya ji muryata. Na ce gobe ina da aiki.